Ruwan da Aka Kai Gaban Manya

Shekara tara muka yi ni da Babayo muna zaune a tebur ɗaya, a ofishin malamai na wata sakandaren gwamnati a Nguru. Ni ina koyar da lissafi, shi yana koyar da labarin ƙasa. Ƙafar teburin ɗaya gajera ce, mun tokare ta da guntun bulo, kuma duk wanda ya jingina da ƙarfi sai shayin ɗan'uwansa ya zube. Sunana Ibram, a Nguru aka haife ni, kuma gara in faɗa tun yanzu, ba ni da haƙuri kuma bakina ba shi da linzami. Shi kuwa Babayo haƙurinsa har haushi yake ba ni.

Babade ne, wato ɗan ƙabilar Bade, daga wata unguwa a Katuzu da ke gefen Gashuwa. Siriri ne dogo, mai magana a hankali kamar yana tsoron ya tashi wani daga barci. Abin da kowa ya san shi da shi wata gora ce ta roba, shuɗiya, wadda ba ta rabuwa da hammatarsa. Dafaffen ruwa ne a ciki. Ba ya shan ruwa a gidan kowa, ko a wurin suna, ko a wurin ɗaurin aure. Ɗalibai suka sa masa Malam Gora, ni kuma na taimaka sunan ya bi shi. Sai da muka shekara biyu tare sannan na san dalilin gorar, kuma daga ranar ban ƙara kiransa da sunan ba.

Mahaifiyarsa ta rasu yana shekara shida. Yayarsa Hadijatu ce ta ɗauke shi, da ta yi aure ma ta tafi da shi gidan mijinta Babagana, manomin shinkafa a fadama. Ya Hadi yake ce mata, mu ma muka bi bakinsa. Ita ba ta yi boko ba ko na yini ɗaya. Sana'arta bandar kifi, kuma da hayaƙin bandar nan ta yi masa kayan makaranta, ta kai shi har kwalejin horon malamai. Idan tana maganarsa, ko da ya yi gemu ya ajiye iyali, "yaron nan" take cewa.

Mahaifinsu masunci ne. Wata shekara ƙafafunsa suka fara kumbura, fuskarsa ta riƙa tashi da safe, fitsari ya ragu. Aka ce ƙoda ce. Bai kai damina ba. Bayan shekara uku wansu Zakir ya bi shi ta hanya ɗaya sak, yana da ƙarfinsa, yana da 'ya'ya ƙanana. Duk wanda ya san yankin Gashuwa ya san wannan ciwo, kuma kowa da abin da yake zargi. Wani ya ce maganin feshin da ake yi wa shinkafa ne, wani ya ce zafin rana ne da aikin fadama, wani ya ce ƙwayoyin ciwon jiki ne da ake sha barkatai, wani ya ce ruwa ne. Babu wanda ya riƙe hujja a hannu. Babayo ya taɓa lissafa mini mutanen unguwarsu da ciwon ya ɗauka, ya ƙare yatsun hannu biyu, ya tsaya yana kallon tafinsa.

"Rana ba zan iya auna ta ba, Malam Ibram," in ji shi. "Amma ruwa ana auna shi."

Abin da ya kai shi neman digiri na biyu ke nan, a fannin kula da muhalli da albarkatun ruwa, a wata jami'a da ke yamma da mu, tafiyar rabin yini a mota. Na yi masa dariya son raina. Na ce mu da iska ke kwashe mana rufin aji duk bazara, wane muhalli za ka kula da shi? Na ce ko ka gama, abin da za a ƙara maka a wata ba zai sayi buhun gero ba. Ya ce shi ba ƙarin girma yake nema ba. Tambaya ɗaya ce ke hana shi sakat: rijiyoyin unguwarsu ne ke kashe su, ko ba su ba ne? Ya Hadi tana nan tana shan ruwan, da 'ya'yanta, da jikokinta. Ya dai samu da ƙyar ya sa ta ware tukunya ɗaya tana dafa na sha, ita kuma tana yi ne don kada ransa ya ɓaci, tana yi tana mitar tsadar itace.

Karatun da aka ce na shekara biyu ne ya ci huɗu. Annoba ta zo aka rufe makarantu, aka buɗe, malaman jami'a suka tafi yajin aiki, aka dawo. Duk Juma'a ana sallamewa daga masallaci sai tasha, ranar Lahadi da yamma ya dawo idanu jawur, Litinin yana gaban allo. Na ga ya rame har agogonsa na yawo a hannu. Ban taɓa jin ya ce ya gaji ba, ni ne ma nake gajiya a madadinsa.

Ya Hadi ba ta san mene ne digiri na biyu ba, amma ta san akwai wani babban malami, Farfesa, wanda yaron nan ke zuwa gabansa. Don haka duk bayan 'yan makonni sai ga kwali daga Gashuwa an ba direba, cike da bandar tarwaɗa. Ba irin wadda take kaiwa kasuwa ba. Sai ta zauna ta tsince manya, masu maiƙo, waɗanda ko ƙaya ɗaya ba ta karye ba, ta jera su a takarda. Babayo ya yi ta gaya mata cewa a jami'a ba a kai wa malami irin wannan, zargi yake jawowa. Ta ce ita ba ta san wannan ba, abin da ta sani shi ne ba a zuwa gaban manya hannu sake, kuma abin da za a kai musu ba a ɗebo shi da ka, zaɓa ake yi. Kifin dai bai taɓa wuce ofishinmu ba. Allah ya yafe mana, mu muka yi ta zama Farfesa.

Da aka zo kan bincike, ya zaɓi rijiyoyi ashirin da ɗaya a unguwarsu. Za a ɗebi ruwan kowace sau biyu, da rani da kuma damina, a kai ɗakin gwaje-gwaje na jami'a a nemi dalma da sauran sinadarai masu lahani da ido ba ya gani. Aikin yana da sharuɗɗa. A ɗebi ruwan da sassafe kafin guga ya dama rijiyar, a rufe kwalba ruf, a sa a kula cikin ƙanƙara, a isa da shi a ranar.

A nan matsala ta taso. Rijiyoyin nan duk a cikin gidaje suke, a tsakar gida, inda matan aure ke harkokinsu. Namiji baligi ba ya ratsa zauren wani ya shiga, ko da a unguwar aka yanke masa cibiya, balle da sassafe mata ba su kintsa ba. Ga shi kuma yana kwana a Nguru. Mafita ɗaya ce, kuma kowa zai ce mai kyau ce: Ya Hadi. Babu gidan da ba ta shiga, babu matar da ba ta jin maganarta.

Ina wurin ranar da ya koya mata, domin ni nake kai shi a babur ɗina. A bakin rijiyar gidanta ya nuna mata: a ɗauraye kwalba sau uku, a cika ta har baki, kada yatsa ya taɓa ciki, a murɗa murfi. Ta yi a gabansa sau biyu, tsaf, har ta fi shi nutsuwa. Da yake ba ta karanta lambobin da ya manna, sai ta kawo tata dabarar. Kowane gida ta ɗaura wa kwalbarsa zare ko ƙyalle mai launi dabam, ta haddace. Babayo ya yi ta murna a hanya, yana cewa da Ya Hadi ta yi boko da ita ce Farfesan.

Ranar ɗibar farko, cikin bazara, mun bar Nguru ana idar da sallar asuba, muka isa Katuzu da hantsi. Kwalabe ashirin da ɗaya na jere a zaure a kan sabuwar tabarma, an lulluɓe su da jiƙaƙƙen zane, kowace da zarenta. Ruwan garau, kamar ka kalli fuskarka. Na ce, "Wannan ne ruwan da kake tsoro?" Ya ce hasken ruwa ba ya nuna komai, abin da yake nema ba shi da launi, kuma rijiya da asuba a kwance take.

Ya Hadi ta kawo mana ruwan leda guda huɗu a faranti. Haka ake yi yanzu a ko'ina a wajenmu. Baƙo ba a miƙa masa ruwan randa, sai a aika a sayo na leda, ko da masu gidan ba su taɓa saya wa kansu ba. Da na zagaya bayan zaure in wanke hannu, sai na ga tarin ledojin ruwa da aka shanye, sun kusa cika kwando. Na ɗaga murya na ce, "Ya Hadi, biki aka yi ba a gayyace mu ba?" Ta yi dariya daga ciki ta ce, "Bikin yaron nan mana." Ni ma na yi dariya. Na ɗaure kula a bayan babur, na kai shi tashar Gashuwa. Na gani da idona, na yi wasa da abin, na wuce. Har gobe idan na tuna kwandon nan sai in ji kamar in mari kaina.

Sakamako ya fito bayan makonni. Ruwan lafiya lau. Babu dalma, babu komai da ya wuce ƙa'ida, a duk rijiyoyin. Babayo ya zauna a teburinmu yana juya takardar gaba da baya. Farfesa ma ya ce abin ya yi kyau da yawa, a jira na damina a gani.

Daminar ta zo da ambaliya. Kogi ya cika ya shiga fadama, ya shiga wasu gidaje, katangu suka zube. Da ruwa ya ɗan ja muka koma, muna tura babur cikin taɓo. Kwalabe na jere a zaure, garau kamar na farko. A nan Babayo ya ɗan tsaya. Ya ɗaga ɗaya ya kalli rana ta cikinta.

"Ya Hadi, kin yi yadda na nuna miki?"

"Sau uku na ɗauraye kowace. Na cika har baki. Yatsana bai taɓa ba."

Gaskiya ta faɗa. Bai tambaye ta daga ina ta cika ba, don tambayar ba ta zo masa ba. Wa zai ba mutum kwalbar rijiya ya tambaye shi ko daga rijiya ya ɗebo?

Sakamako na biyun ma ya fito fes. Babayo ya ce mini abin bai kwanta masa ba, rijiyar da ambaliya ta shafa bai kamata ta fito haka ba, yana tunanin ya nemi izinin masu gida biyu ko uku ya shiga da kansa ya sake ɗiba. Ni ne na hana shi. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? An ce maka ruwan 'yan'uwanka lafiya yake, kai kuma dole sai ya zama guba? Na'ura ta faɗa sau biyu. Shekara huɗu kana abu ɗaya, ka rubuta ka huta, ka bar mu mu huta." Ya ce, "Haka ne kuma." Da ya yi mini gardama ranar, da na ji daɗi yau.

Ya rubuta abin da ya samu, ya kare kundinsa a gaban malamai, suka yaba. Sannan ya tafi Katuzu ya tsaya a ƙofar gidan Bulama, mai unguwarsu, bayan la'asar, maza sun taru. Ya yi magana da taka-tsantsan irin tasa. Ya ce bai ce ya san abin da ke kawo ciwon ba, ya dai ce abubuwan da ya auna bai same su a rijiyoyin ba. Mutane ba su ɗauki wannan dogon zance ba. Abin da ya shiga gidaje kafin magariba shi ne, ɗan unguwa ya kai ruwa jami'a, na'ura ta ce lafiya lau.

Ya Hadi ta mayar da tukunyar dafa ruwa wajen girki. A ranar, a gabana, Babayo ya ajiye shuɗiyar gorarsa, ya ɗauki moɗa ya kamfato daga randarta ya sha. Rabonsa da shan ruwan gidan tun rasuwar Zakir. Ta tsaya tana kallonsa, hawaye na zuba, tana cewa, "Yau yaron nan ya dawo gida." Ni ma idona ya ciko, ba zan ɓoye ba.

Bayan wata uku wata ƙungiyar agaji ta zo yankin da niyyar haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi a wurare 'yan kaɗan. Unguwar su Babayo na cikin waɗanda ake dubawa. Suka nemi duk wani bincike da aka taɓa yi a kan ruwan wurin, shi kuma da hannunsa ya kai musu kwafin kundinsa, yana jin daɗi aikinsa ya yi amfani. Suka karanta, suka ga ruwan unguwar lafiya yake, suka gode, suka je suka haƙa rijiyar a wani ƙauye ta wajen Yusufari inda mata ke tafiya mai nisa cikin yashi kafin su ga ruwa. Ban ga laifinsu ba. Da ni ne ma haka zan yi.

Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka, Babagana ya bugo waya ya ce silifas ɗin Ya Hadi ya daina shiga ƙafarta. Babayo na tsakiyar cin abinci a ofis. Ya ajiye cokali, ya rufe kwanon. Ba sai an gaya masa sunan ciwon ba.

Aka kawo ta babban asibiti a nan Nguru, aka fara yi mata wankin ƙoda. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Matar da na sani da faɗin kafaɗa da murya mai cika gida ta koma 'yar mitsitsiya a kan gado, sai ƙafafu da fuska. Babayo kullum yana cewa, to, aƙalla mun san ba rijiya ba ce, sai a nemi wani abin. Da wannan maganar yake riƙe kansa.

Wata Laraba bayan an tashi makaranta muka je duba ta. Ya ɗauko kundinsa da aka yi wa bango mai kauri, baƙi da rubutun ruwan zinariya, don bai taɓa nuna mata ba. Ya buɗe shafin farko ya fassara mata inda ya rubuta cewa ya sadaukar da aikin ga yayarsa Hadijatu, wadda ta raine shi, kuma ta ɗebo ruwan da aka yi binciken da shi. Ta karɓa ta ɗora a ƙirji tana shafa bangon. Ranar ta ɗan ji ƙarfi, har tsokana ta dawo mata. Ta juyo wajena.

"Malam Ibram, ka ga yaron nan? Da na biye masa da ya sha kunya a gaban manya."

Na ce, "Wace kunya, Ya Hadi?"

"Ta ruwan nan mana. Da na zaga gidaje da kwalabensa, ka ga abin da guga ke fitowa da shi? Na gidan Fanne kore-kore, na gidan liman kamar an jiƙa kanwa, nawa ma da ɗan laka. Fanne ta ce, yanzu wannan za a ɗaura wa zarena a kai birni, a ce ga abin da gidan Fanne ke sha? Muka taru muka yi shawara. Na ce baƙon ƙauye ma ba ma ba shi wannan, balle Farfesa. Kowace ta kawo abin da take da shi, muka aika Gashuwa aka sayo na leda tun jajibiri. Da asuba muka zauna muka cika, kowace da kwalbarta."

Fanka na juyawa a sama. Wata mata a gadon gefe tana tari. Na kalli Babayo. Fuskarsa ba ta motsa ba, sai leɓensa na ƙasa da ya yi fari.

A hankali ya ce, "Har na damina, Ya Hadi?"

"Na damina ai shi ya fi muni, ja wur kamar kunun kanwa. Wannan ko kare ba ka kai wa ba." Ta yi 'yar dariya, tari ya sarƙe ta, ya ba ta ruwa ta kurɓa. "Ai ruwa duk ɗaya ne, Babayo. Na ledar ma a nan Gashuwa ake haƙo shi, ƙasa ɗaya ce. Mai kyan gani kawai na zaɓa maka."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, kuma na san abin da zai fito ba mai daɗi ba ne. Sai na ji hannunsa a kan gwiwata, ya matse har sai da na ji zafi.

Ta ce, "Ka dai ci jarrabawar, ko?"

Ya ce, "Na ci, Ya Hadi."

"To alhamdu lillahi."

"Allah ya saka miki da alheri," in ji shi. Ya gyara mata filo, ya ja mata zane ya rufe ƙafafun.

Da muka fito ya yi 'yan taku kaɗan ya zauna a ƙasa a gindin wata bishiyar maina, da farar rigarsa, kundin a cinya. Ni na yi ta zagaye ina faɗa. Na zagi kunyar banza da ke sa mutum ya ɓoye abin da ke cinsa. Na zage shi da ya ba da aikin shekara huɗu a hannun wadda bai yi wa bayanin dalili ba, ya koya mata wanke kwalba bai gaya mata dattin ake nema ba. Na zagi kaina, na gaya masa zancen kwandon ledoji. Ya bar ni sai da na gaji. Sannan ya ce, "Ni na ce ta daina dafawa, Malam Ibram. Da bakina."

Na ce ai ba a tabbatar rijiyar ce ba. Ya ce, "Shi ne ai. Ban san ita ce ba, ban san ba ita ba ce. Inda na fara nan nake, sai dai yanzu sun daina tsoro."

Mako bakwai ta ƙara. Kullum yana gefenta, kuma bai gaya mata ba. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce me za ta yi da sanin, ta tafi da shi kabari? Ta rasu tana alfahari da shi da kuma dabararta.

Tun kafin rasuwar ya rubuta wa Farfesa ya faɗi gaskiya. Mutumin kirki ne, ya kira shi da kansa, ya ce za a janye sakamakon, kuma in ana son amsa sai an sake komai daga farko, sabon izini, sabuwar ɗiba rani da damina, sabon layi a ɗakin gwaji. Ƙungiyar agajin kuwa ta gama aikinta ta naɗe ta bar yankin. Ya koma ƙofar Bulama ya tsaya a inda ya tsaya a da, ya ce abin da ya faɗa musu a baya kada su dogara da shi, an samu kuskure a aikin, a koma dafa ruwa.

Wani dattijo ya ce, "To rijiyar ce ke nan?"

"Ban sani ba, Baba."

"Kuskuren na wane ne?"

"Nawa ne."

"Shekara huɗu kana zuwa jami'a, ka dawo ka ce ba ka sani ba?"

Aka yi 'yar dariya, wasu suka miƙe suka kaɗe riguna. Da ya ce matanku ne suka cika kwalabe da ruwan leda, yayata ce ta jagorance su, da wataƙila an yarda da shi. Da kuma a daren an yi faɗa a gida ashirin da ɗaya, sunan Hadijatu ya zama abin zunɗe tana kwance a asibiti. Bai faɗa ba. Ni kuma ya sa na yi masa alkawari, shi ya sa ko a nan ban faɗi sunan unguwar ba.

Ranar addu'ar arba'in muka je tare. Bayan an shafa fatiha mutane sun ragu, muka shiga tsakar gidan, tunda gidan yayarsa ne. Zahra, babbar 'yar Ya Hadi, wadda ke aure a maƙwabta, ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwan leda guda huɗu a farantin nan dai na uwarta. Muna zaune sai 'yarta, yarinya 'yar shekara uku, ta je bakin randa ta yi ɗage, ta kamfato da moɗa da hannu biyu ta kafa kai. Ruwan na zuba ta haɓarta yana jiƙa mata riga.

Ban taɓa jin Babayo ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Zahra! Karɓe! Ban ce a riƙa dafawa ba?"

Yarinyar ta firgita ta saki moɗar ta fashe da kuka. Zahra ta ɗauke ta ta saɓa a kafaɗa, ta juyo ta dube shi, ba da rashin kunya ba, da ladabinta.

"Kawu, wanne za mu ɗauka? Wancan da na'ura ka auna, wannan kuma da baki kawai ka faɗa. Inna har ta rasu tana cewa aikinka ya wanke rijiyar nan, kuma ita ta ɗebo maka ruwan da hannunta. Ko Inna ce ta yi ƙarya?"

Ya dube ta, ya dubi rijiyar, ya dubi ledar ruwan da ke hannunsa wadda bai fasa ba. Na jira, ina roƙon Allah a zuciyata ya faɗa, ko ya sake ni in faɗa.

Ya ce, "A'a. Innarki ba ta taɓa yin ƙarya ba."

Zahra ta sunkuya ta ɗauki moɗar, ta ɗauraye ta, ta sake kamfatowa ta ba yarinyar don ta yi shiru.